Zafin da Allo Bai Nuna Ba

Litinin, da hantsi

Rabona da gida shekara biyu saura kaɗan. Na baro Nguru da cewa zan dawo ƙaramar sallah, ga shi sallah uku ta same ni a Lugbe ta Abuja, a ɗakin haya mai kallon bayan gidan mai.

Yau Oga Leonard ya tara mu, mu ukun da muka rage: ni, da Kingsley abokin aikina a ɓangaren kwamfuta, da Justina mai kula da ofis. Ya ce ƙarshen wata za a mayar wa mai gida makullinsa. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Dukanmu mun ga mutanen da suka zo makon jiya suka rufe ƙofa da shi, suka fita da kwali biyu.

Shekara shida ƙungiyar nan tana bin rugage da ƙauyuka tana naɗar muryar dattawa, makiyaya da manoma, kowa na faɗin inda burtali ya bi da inda gona ta tsaya. Muryoyi dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Duk suna cikin saba guda ɗaya, wato babbar kwamfutar ajiya, a ɗan ɗakin da a da sito ne. Kwafin da ke intanet an rufe shi tun bara. Rikodojin an goge su an sayar.

Oga ya ce, "Zakiyyu, ka kwashe komai a faifan waje kafin ranar. Abin da ya rage ciki, ya rage."

Na ce to.

Talata, bayan azahar

Bari in rubuta matsalar yadda take, ko don kaina.

A Janairu wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona madabod ɗin sabar, babban allon da komai ke jone a jikinsa. Kingsley ya sayo wani, ya kuma yi ƙoƙari, don da abin da aka ba shi ba zai samo wanda ya fi wannan ba. Yana aiki. Sai dai a jikin kowane madabod akwai wani ɗan cip kamar farcen yatsa. Shi ke jin zafi, shi ke ƙirga juyin fanka, shi ke auna ƙarfin wutar da ke shiga. Ba ya gaya wa kowa abin da ya ji sai da direbansa, wato 'yar manhajar da ta san yadda ake tambayarsa. Linux, manhajar da ke tafiyar da sabarmu, ba ta da direban wannan cip ɗin. In na tambaye ta zafi, sai ta ce ba ta ga ma'auni ko ɗaya ba. Faifan kuma suna bayan wani tsohon kati da ba ya barin a ji zafinsu.

Wata uku muna tafiya a makance, ba wanda ya damu, don esi, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki kuma ba a takura wa injin. Yanzu zan sa shi karatu safe da yamma a tsakiyar Afrilu. Cikin faifai shida ɗaya ya riga ya mutu. Tsarin yana jure mutuwar ɗaya. Ba ya jure biyu.

Na rubuta wa mutumin da ke kula da direbobin irin waɗannan cip ɗin, wani bawan Allah a Turai da ke yi don sa kai.

Laraba, da safe

Na yago leda na ɗaura a ragar fankar da ke hura wa faifai iska. In tana kaɗawa, fanka na juyi. Kingsley ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam Zak, digirinka ke nan? Leda?"

Na ce ledar ba ta taɓa ce mini ba ta ga ma'auni ba.

Alhamis, da la'asar

Mutumin ya amsa, da ladabi. Ya ce kamfanin da ya ƙera cip ɗin bai fitar da takardar bayaninsa ba, ya roƙa sau biyu ba su kula shi ba. In na aiko masa da abin da cip ɗin ke fitarwa ɗanye, zai gwada, amma sai ƙarshen mako yake samun lokaci, yana da aiki da 'ya'ya. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: akwai direban wani cip ɗan gidansu da ake iya tilasta wa, kada mu yi, zai fito da lambobi amma ba lallai na gaskiya ba.

Na aika masa. Ban ji haushinsa ba. Haushina na kan waɗanda suka sayar da abu suka ɓoye yadda ake karanta shi.

Rakiya ta kira. Matata ce, tana Nguru. Na ce ina cikin aiki.

Asabar, da hantsi

Wani dattijo ya zo da sanda da buta, ya ce sunansa Modibbo, daga wata ruga bayan Masaka. Mota uku ya hau. Justina ta ba shi kujera, ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Ɗana, ku ne masu ɗaukar murya?"

"Mu ne, Baffa."

"Kun ɗauki ta yayana, Arɗo Fatihu, shekara uku ke nan. Ya rasu da damina. Yanzu wani ya ja waya ya tare mana hanyar rafi, ya ce bai taɓa jin burtali a wurin ba. Hakimi ya sa zama, ba Alhamis mai zuwa ba, ta sama. Ya ce in kawo shaida. Ni ƙarami ne lokacin da aka shata hanyar, maganata ba ta da nauyi. Arɗo yana wurin. Har manoman suna jin maganarsa."

Na ce masa muryar tana nan, in sha Allahu, amma fayilolin lamba ce a kansu ba suna ba. Khaula, wadda ta tsara lambobin, ta bar aiki da kwamfutarta, wayarta kuma ba ta shiga.

Ya ce, "To ai ni na san muryarsa."

Haka muka shirya. Duk wadda na kwashe, in sa masa a kunne. Zai riƙa kwana wurin wani ɗan'uwansu mai sayar da shanu a nan kusa.

Lahadi, da yamma

Ni ke tsaron Lahadi, Kingsley ke tsaron Juma'a. Tun da muka fara aiki tare haka muke, ba mu taɓa rubuta shi ba, ba mu taɓa saɓawa ba.

Muryoyi ɗari da tamanin na kwashe zuwa yau. Injin yana rarrafe saboda mataccen faifan. Modibbo na sauraron farkon kowace, ya girgiza kai, in wuce. Wani lokaci sai ya ɗaga hannu in dakata, ba don yayansa ba ne, don ya gane wani. "Wannan ma ya rasu." "Wannan maƙaryaci ne, amma a nan gaskiya ya faɗa."

Litinin, da rana tsaka

An ɗauke wuta tun jiya. Babban janareto ne ke ɗaukar esi da saba tare, ƙaramin saba kawai yake iyawa. Oga ya leƙa tankin dizal ya daɗe bai ɗago ba.

Don a ɗan huta da babban janareto, Justina ta je Kado wurin yayarta Patricia mai kifi, ta dawo da ƙanƙara buhu guda a bayan keke. Muka sa a baho gaban fanka. Ɗakin ya yi sanyi, ya kuma koma ƙarnin tarwaɗa. Modibbo ya toshe hanci da rawani ya ce, "'Yata, wannan injin kifi yake ci?" Ta ce, "Baba, a Abuja komai kifi yake ci." Bayan awa ɗaya na ga gumi a jikin ƙarfen sabar, na sa aka fitar da bahon. Ruwa zai kashe ta da sauri fiye da zafi. Na san Justina ta ji ciwo. Da kuɗinta ta biya keken.

Talata, da safe

Na iso na tarar da Kingsley yana murmushi. Ya tilasta wa direban nan da mutumin Turai ya hana.

Allo ya cika da lambobi. Zafi talatin da ɗaya. Fanka ta farko na juyi, ta biyu da ta uku sifili. Layin wuta mai bolt goma sha biyu yana nuna shida da ɗigo.

Na ce, "Kingsley, sha biyu ta zama shida. In wannan ƙarya ce, me ya sa zan yarda da ta sama?"

"Haba Malam Zak. Wannan ninkawa kawai take so, kowa ya sani. Abeg, kalli zafin. Talatin da ɗaya. Injin lafiyarta ƙalau."

"Mutumin ya ce kada a yi."

"Mutumin yana zaune cikin sanyi. Mu muna nan."

Da lambobi suka samu, sai manhajar tsaro ta farka, ta ga fanka biyu a sifili, ta fara ƙara. Fankokin kuwa gabana suke juyi. Ƙarar ta hana Modibbo jin komai. Kingsley ya kashe ta gaba ɗaya, don ba a iya kashe ta ɗaya-ɗaya.

Talata, bayan azahar

Oga ya shigo ya ga allo.

"Talatin da ɗaya? Ko jikina ya fi haka zafi. Me ya sa muke ƙona dizal a esi?"

Na ce lambar ba abin dogaro ba ce. Ya ce wace lamba ce abin dogaro. Na ce ba ni da ita. Ya ce dizal ɗin da ya rage, da esi ba zai wuce mako ɗaya ba, ba esi zai kai mu ƙarshen wata, kuma ba wani da zai zo. "In ya ƙare a mako ɗaya, ka gama kwashewa?"

Ba zan gama ba. Lissafinsa daidai ne. Da ni ne a kujerarsa, aka nuna mini lamba a allo da leda a raga, ban san wadda zan ɗauka ba.

Na faɗa sau ɗaya. An kashe babban janareto.

Laraba, da hantsi

Talatin da ɗaya.

Laraba, da la'asar

Talatin da ɗaya. Rigata ta jiƙe har wando. Mu mutanen Nguru mun san zafi, amma namu yana da iska. Wannan na ɗaki ne, yana zaune a kanka.

Na cire murfin sabar na kafa mata fankar tsaye. Ina ɗora bayan hannuna a kejin faifai. Da safe ina iya barinsa, da rana ba na iyawa. Allo bai motsa ba. Na nuna wa Kingsley: abin da ke auna zafi da gaske yana hawa yana sauka, wannan ko gezau. Ya ce wataƙila iska ce ke ratsawa da kyau. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Alhamis, da safe

Ɗari biyar da goma. Ba Arɗo. Modibbo ya daina cewa komai a kan muryoyin, girgiza kai kawai. Da azahar ya fito da fura daga jakarsa ya dama mana. Kingsley ya sha kofi biyu ya ce shi daga yau Bafulatani ne. Modibbo ya ce sai ya kawo saniya ɗaya tukun a gani.

Rakiya ta turo muryar 'yarmu Nabilah. Ta fara haɗa magana. Ban buɗe ba, kunnena ya cika da muryoyin mutane.

Juma'a, da hantsi

Talatin da ɗaya. Leda na kaɗawa. Fankar keji ta fara wani ɗan kuka, kamar ƙofa. Na ɗiga mata mai. Na ce wa Kingsley ya riƙa leƙawa. Ya ce ba wahala.

Za mu tafi masallaci da Modibbo.

Juma'a, bayan la'asar

Asabar, da rana

Jiya na rubuta rana na kasa rubuta sauran.

Mun daɗe, don bayan salla an yi jana'iza, Modibbo kuma ba ya wuce jana'iza ko ta wanda bai sani ba. Da muka shigo ofis, tun daga ƙofa na ji warin, kamar an manta dutsen guga a kan kaya. Kingsley na zaune a teburin Justina da laftof a gabansa. Ɗakin saba ba ya zaunuwa, sai ya jawo allon zuwa laftof yana kallo daga nan. Ya ɗago ya ce, "Komai lafiya, Malam Zak, ban ɗauke ido ba."

Bai ɗauke ba kuwa. Talatin da ɗaya.

Ledar tana rataye, ba motsi. Kejin bai taɓuwa. Faifai biyu sun faɗi, kwafi ya tsaya tun ana huɗuba. Na zare wuta daga bango.

Kingsley ya tsaya a bakin ƙofa. Ya buɗe baki, na ce masa ya kawo sukundireba. Ban ɗaga murya ba. Da na ɗaga da ya fi masa sauƙi, na sani, shi ya sa wataƙila ban ɗaga ba.

Modibbo ya tambaya daga baya, "Ɗana, ya mutu ne?"

Na ce ban sani ba tukun.

Lahadi, da safe

Ranar tsarona ce, amma Kingsley ya zo daga coci da kayan cocinsa, ya cire kwat ya zauna. Oga ya sa aka tada babban janareto ba tare da na roƙa ba. Yanzu da ba sauran abin da esi zai tsare.

Ana bukatar faifai biyar kafin tsarin ya tashi. Muna da uku masu lafiya. Cikin biyun da suka faɗi, ɗaya ya tashi bayan ya huce, yana ciwo amma yana karantuwa. Ɗayan sai ƙas, ƙas, ƙas. Mun canja masa allon bayansa da na tsohon mataccen. Ya juya. Na ce wa Kingsley kada ya yi numfashi.

Ya ba mu daga hantsi zuwa la'asar. Muka ja abin da muka iya, ba zaɓi, wanda ya zo hannu. Wasu sun fito cikakku, wasu da ramuka. Daga nan ya yi shiru, irin shirun da ba a dawowa.

Litinin, da hantsi

Saƙon mutumin Turai ya shigo, da direban gwaji. Ya ba da haƙurin jinkiri, ɗansa ne ba lafiya. Ya ce ya gano tsarin cip ɗin, ya yi kama da ɗan gidansu amma an sauya wuraren. Inda tsohon direban ke karanta zafi, a namu ƙafar cip ce da ba a jona ta da komai ba, lamba ɗaya za ta riƙa bayarwa har abada. Fankokin ma ba a inda yake nema suke ba.

Na ɗora shi. Zafi hamsin da takwas, injin ba ya aikin komai, esi na hurawa. Sha biyu ta koma sha biyu. Fankar keji sifili, na gaskiya wannan karon. Na kunna ƙararrawa, ta yi ƙara nan take. Na bar ta tana yi. Justina ce ta shigo ta kashe.

Na rubuta masa cewa yana aiki, na gode, na aika masa da lambobin don ya sa a na kowa. Wani a wani gari zai sayi irin wannan madabod ɗin. Ban gaya masa sauran ba. Ba laifinsa ba ne, ba zan ɗora masa ba.

Talata, da la'asar

Modibbo na sauraron waɗanda muka jawo ranar Lahadi. Tun safe bai tashi ba sai salla.

Kingsley ya same ni a waje. Ya ce, "Ka gaya wa Oga ni ne."

Na ce Oga ya sani, kuma shi ya kashe esi, ni kuma ina tsaye aka kashe. Wanda ya ɓoye takardar cip ɗin ma bai san da mu ba. Na ce ya je ya ci abinci.

Laraba, da hantsi

Na ga Modibbo ya ɗaga hannu. Bai ce dakata ba, hannun kawai. Ya danne abin kunnen da tafinsa.

Na sa a lasifika. Murya ce mai kauri, a hankali. Sallama, gaisuwa, ya tambayi Khaula, mai ɗaukar muryar, mutanen gidansu, ya yi tari, ya ce a kawo wa baƙi nono. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ya ce a zamanin da aka shata hanyar shi saurayi ne, ya riƙe wa masu awo igiya. Ya ce burtalin ya taso daga tsohuwar mashaya, ya bi gabas da dutsen nan mai tsagi, daga nan sai.

Daga nan sai shuuu. Fayil ɗin minti arba'in da bakwai ne. Minti huɗu ke da murya.

Na gwada duk abin da na sani. Wurin babu komai, sifili ne jere.

Modibbo ya ce a maimaita. Na maimaita. Ya ce a sake. Da ta uku ta ƙare ya ce, "Wayar da aka ja tana can gaba da dutsen."

Na ce na sani, Baffa.

"Sa mini a wayata."

"Ba za ta ishi hakimi ba."

"Ban ce don hakimi ba."

Na sa masa. Ya naɗe wayar a ƙyalle ya cusa a aljihun ciki. Ya yi wa kowa sallama da sunansa, har Kingsley, ya sa masa albarka. Kingsley ya shiga banɗaki ya daɗe.

Alhamis, da yamma

Na kira lambar Modibbo. Ya ce an yi zama. Ya kunna musu, an saurara, wani tsohon manomi ya yi hawaye da ya ji muryar. Hakimi ya ce muryar Arɗo ce ba shakka, amma ba ta kai wurin da ake magana ba. Waya tana nan. Za su riƙa zagayawa ta bakin titi da shanun.

Ya tambaye ni ko injin ya samu sauƙi.

Juma'a, bayan masallaci

Rakiya ta kira. Na ɗauka. 

Litinin, da hantsi

Mai gida ya aiko a karɓi makulli. Oga ya ce in rubuta masa abin da aka samu a takarda ɗaya. Bai ce inda za a kai faifan wajen ba, ina jin shi ma bai sani ba. Na yi kwafi biyu, ɗaya na ba shi, ɗaya na ba Justina ta ajiye a inda ba zafi.

Cikin muryoyi dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu, ɗari bakwai da sittin da biyu sun fito cikakku. Casa'in da ɗaya sun fito da ramuka. Sauran babu. Daga ta Arɗo Fatihu, minti huɗu.